An kama ƙanina a madadin maigidansa, sun karɓi 60k na beli. In kai ƙara ko in haƙura?

Abban Khairat:
Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema don Allah. Ƙanina yaron shago ne yana koyon gyaran waya, shekararsa 19. Maigidansa ya ci bashin kaya wajen wani dila ya daina ɗaga waya, shine dilan ya ɗebo 'yan sanda ranar Alhamis, basu sami maigidan ba suka tafi da yaron wai sai ya fito da ogansa. Kwana uku yayi a bayan kanta, sai Lahadi da yamma muka fito dashi bayan mun biya 60k, wani mai POS suka nuna mana a bakin get muka tura, alat ɗin yana wayata har yanzu. Yanzu yana gida amma kunnensa na hagu baya ji sosai, yace mari ne. Baba yace a bar wa Allah, ni kuma wallahi zuciyata ta ƙi kwanciya. Ina ake kai ƙara, nawa zan kashe, kuma in na kai zasu iya dawowa su sake ɗaukarsa?

Ɗan Kantin Kwari:
Ka nemi mai unguwarku ku je tare da safe, in DPO ya ga babban mutum zai bada belinsa. Kar ka bada sama da 20k.

Abban Khairat:
Yallaɓai an riga an fito dashi, na faɗa a sama.

Ɗalibar Shari'a:
Yaya abu uku aka yi muku kuma duk doka ta hana. Dokar 'yan sanda ta 2020 sashe na 36 tace ba a kama mutum a madadin wani, haka dokar gudanar da shari'ar laifuka, wato ACJA, ta 2015 sashe na 7. Sashe na 32 na dokar 'yan sandan kuma ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alƙawarin ciniki kawai, wannan maganar kotu ce. Sannan sashe na 35 na kundin tsarin mulki yace a kai mutum gaban alƙali cikin awa 24 in akwai kotu a cikin kilomita 40, in babu kwana biyu. Shi wannan sashen ne yace wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Gobe gobe ka kai shi asibitin gwamnati a duba kunnen a baku rahoto a rubuce, kar ka bari kwanaki su ja.

Maman Abdul:
Ɗiyata karatunki gaskiya ne amma bari in baki labarin yadda abin yake a ƙasa. Maigidana adaidaita yake ja, yana zaune wajen mai shayi bayan isha aka zo kamen kan mai uwa da wabi aka haɗa dashi. Kwana biyu muna yawo ofis ofis kafin mu san inda yake. Kullum in dafa abinci in saka a kula in kai, sai na bada 500 a kanta, sai na ɗanɗana a gabansu, wani lokacin ma in dawo washegari yace bai ga komai ba. Ranar da aka fito min dashi in ganshi rigarsa a bai-bai take, ba takalmi, yana jan ƙafa yana dafa bango, ya kalle ni yace kar ki bari yara su zo. Kwana 11. Ƙafar nan ashe ta karye, mai adaidaitan ya karɓe abinsa ya ba wani. Muka kai ƙara kotu, na sayar da keken ɗinkina da ɗan kunnena muka biya lauya, shekara biyu muna sintiri yau alƙali baya nan gobe lauyansu bai zo ba. Ƙarshe muka yi nasara, alƙali yace a biya shi miliyan 3. Wallahi tallahi har yau ko sisi. Lauyan yace kafin a taɓa kuɗi a asusun hukuma doka tace sai an sami amincewar babban lauyan gwamnati, muka rubuta muka gaji. Takardar hukuncin tana cikin akwatina a leda, shi kuma yana nan yana sayar da goro a ƙofar gida da sanda.

Ummu Sudais:
Innalillahi. Allah ya isar muku Maman Abdul, wallahi sai da na yi hawaye. Ƙafar ta warke kuwa?

Maman Abdul:
Ta haɗe a karkace 'yar uwa, da sanyi baya barci. Ni abinda yafi min ciwo ma wanda ya dake shi muna ganinsa, rannan a gidan mai ya wuce ta gabanmu.

Ɗan Kantin Kwari:
To ka ji Abban Khairat. Lauya kaɗai sai ya ci maka 500k, a kan 60k. Bin shawarar Baba yafi.

Sani Mai Taya:
Wane irin 500k? Ni 150k na biya lauya ya rubuta takardar koke zuwa ga kwamishina, cikin sati biyu aka kira mu aka dawo min da kuɗina har da bani haƙuri.

Ɗalibar Shari'a:
150k ma yayi yawa a kan takarda ɗaya. Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai bada lauya kyauta, an kafa ta ne don marasa hali, hukumar kare haƙƙin ɗan adam ta ƙasa ma bata karɓar kuɗi kan koke. Su kansu 'yan sandan suna da sashen karɓar koke CRU tun 2015, akwai kuma Police Service Commission da ke ladabtar da jami'ai. Marin nan kuma ba wasa bane, dokar hana azabtarwa ta 2017 hukuncinta yana kaiwa shekara 25.

Ɗan Kantin Kwari:
Ke da ko lauya baki zama ba, kin taɓa kwana a sel? Mu da muka ga jiya muka ga yau muke magana.

Ɗalibar Shari'a:
Ban taɓa ba Baba, amma shirun nan da ake yi shi yasa gobe za a ɗauki ɗan wani. Kuma kai da kace kar ya wuce 20k ai kai ma kuɗin da doka bata sani ba kake cewa a bayar.

Bala Kwano:
Ai a bangon kowane caji ofis an rubuta beli kyauta ne. Karanta rubutun ne kyauta, fitowar kuma sai an yi ciniki kamar ragon layya 😂

Ɗan Barikin Sabon Gari:
A riƙa adalci dai. Mahaifina shekara 35 yayi yana aikin ɗan sanda, da kuɗinsa yake sayen biro da takardar sitatimen, mai na mota ma sai sun haɗa. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Kuma shi dilan da ya biya aka kama yaron ba wanda ya ambace shi, mu ne muke mayar da 'yan sanda masu karɓar bashi.

Sani Mai Taya:
Maganar dila gaskiya ce, a saka sunansa a koken. Amma rashin biro baya sa a fasa wa yaro kunne.

Abban Khairat:
Nagode duka. Gobe zan kai shi asibiti in sha Allah. Amma har yanzu ba wanda ya amsa min, in na kai koken zasu iya sake kama shi? Kuma alat ɗin sunan mai POS ne a jiki ba na ɗan sanda ba, zai zama hujja?

Habu Direba:
Ni abinda ke ƙona min rai binciken waya a hanya. Satin da ya wuce aka tsayar damu a shinge aka sauke wani ɗalibi, suka karɓi wayarsa suna duba hotuna da alat na banki wai ɗan yahoo ne, minti 40 muna rana da mata da yara a mota.

Bala Kwano:
Shi yasa in zan yi tafiya ƙaramar Nokia nake riƙewa, su duba tocila.

Ummu Sudais:
Ɗana ma haka aka yi masa da laftof ɗinsa, wai ina rasit, abin da aka saya shekara huɗu. Nawa ɗalibin ya bayar suka sake shi Malam Habu?

Habu Direba:
Dubu 10 suka ce, fasinjoji suka haɗa masa 4.