Abin da muka tattauna kan mata a gajerun finafinan Sifaniya

Na bi maganganun 'yan'uwa daga farko har ƙarshe, ga abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya yarda cewa cika fim da fuskokin mata bai wadatar ba, sai an duba wa ya rubuta labarin, wa ya ba da umarni. An tuna cewa ƙungiyar CIMA ta mata masu shirya fim a Sifaniya tana wannan fafutuka tun 2006.

2. Misalin da aka fi daɗewa a kai shi ne gajeren fim ɗin Cuerdas na 2022, wanda Estibaliz Urresola ta ba da umarninsa. A cikin fim ɗin, wata ƙungiyar mawaƙa mata ce tallafinta ya yanke, sai kamfanin da ke gurɓata musu iska ya miƙo kuɗi. Su karɓa ko su ƙi? Dattijai ne, furfura a kai, ba kwalliya, kuma shawarar a hannunsu take. Ni wannan ya fi taɓa min zuciya.

3. An so a riƙa jin harsunan Bask, Katalan da Galisiya, waɗanda ake yi a wasu yankunan Sifaniya, a cikin finafinan.

Inda aka rabu shi ne fifita mata wajen tallafin gwamnati. Wasu sun ce ƙwarewa kaɗai za a duba. Wasu suka ce wadda ba a taɓa miƙa wa kyamara ba, ina za ta nuna tata ƙwarewar?