Neman shawara: yaushe ƙanƙara ke sakin tafkunan Boundary Waters?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a Minnesota, musamman masu zuwa arewa. Ni da abokan aikina uku muna son shiga dajin Boundary Waters da kwale-kwale biyu a makon farko na Mayu, don lokacin ne hutuna ya faɗo, kuma an ce mini gara a je kafin baƙaƙen ƙudajen nan masu cizo su fito. Matsalar ita ce takardar izini. Ana buɗe rajista a Recreation.gov ranar Larabar ƙarshe ta Janairu, kuma takardar tana ɗauke da rana ɗaya da mashiga ɗaya. Mu mashigar tafkin Saganaga muke so, ta ƙarshen hanyar Gunflint. To ta yaya mutum zai san tun yanzu cewa ƙanƙara za ta narke kafin ranar? Akwai lissafin da ake yi ne, ko sa'a ce kawai? Don Allah a taimaka.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Gaskiyar magana, a watan Janairu babu mai iya faɗa maka ranar, ko masu hasashen yanayi. Abin da za ka iya samu shi ne tarihi. Hukumar DNR ta jihar, mai kula da albarkatun ƙasa, tana da taswira a shafinta mai nuna ranar da ƙanƙara ta bar kowane tafki shekara da shekaru, da ranar da ta fi faɗowa tsakiya, da mafi wuri da mafi latti. Kada ka tsaya kan ta tsakiyar kaɗai, dubi tazarar da ke tsakanin biyun ƙarshe. A 2012 watan Maris ya yi ɗumi ƙwarai, tafkuna da yawa suka buɗe da wurin da ba a taɓa rubutawa ba. Shekarar da ta biyo, 2013, ranar buɗe kamun kifi ta zo 11 ga Mayu ta tarar da manyan tafkunan arewa a daskare. A 2024 ma an buɗe da wuri saboda hunturun bai yi ƙarfi ba. Tafki ɗaya yana iya bambanta da fiye da wata guda tsakanin shekara da shekara. Ranar tsakiyar kuma ma'anarta rabin shekarun ƙanƙara na nan har bayan ranar, wato in ka sa tafiyarka a kanta, ko a samu ko a rasa.

Baban Amira:
Na gode Injiniya. To Saganaga fa, a ina take a wannan tarihin?

Kawu na Duluth:
Ɗana, a jerin na baya take. Ka zaɓi kusan mafi taurin kai. Tafki babba mai zurfi shi ke jinkiri, Saganaga kuwa zurfinta ya kai ƙafa 280 a wani wuri. Ita da Gunflint da Seagull da sauran na gabas, galibi sai Mayu ya kama suke saki, wata shekarar har tsakiyarsa. Wajen garin Ely, ƙananan tafkuna irin su Shagawa sukan buɗe tun ƙarshen Afrilu. Waɗanda ke fara buɗewa su ne koguna, da tafkunan da ruwa ke ratsawa yana gudu, da marasa zurfi masu ruwa ja kamar shayi, don duhun ruwan yana riƙe zafin rana. In lallai makon farko na Mayu za ka, ka nemi mashigar kogi ta yamma, irin Little Indian Sioux ko Moose River a kan hanyar Echo. Amma ka lura da abu guda: buɗewar mashiga ba ta nufin hanya ta buɗe. Kana iya tuƙa kogi lafiya lau, ka ɗauki kwale-kwale a ka ka ƙetare tudu, ka sauko ka tarar da babban tafki fari fat a gabanka. Duk hanyar da ka zana, tafkin da ya fi girma da zurfi a cikinta shi ke yanke hukunci.

Injiniya:
Bari in ƙara kan maganar Kawu, don ka san abin da za ka riƙa bibiya in Afrilu ya shiga. A ƙarshen hunturu kaurin ƙanƙarar can yakan kai ƙafa biyu zuwa uku. Amma kauri ba shi kaɗai ba ne, dusar da ke kwance a kai ta fi shi muhimmanci a farkon lamari. Muddin akwai farar dusa a sama, hasken rana komawa yake yi, ƙanƙarar ba ta jin komai. Sai dusar ta tafi rana ke shiga ciki, ta ɗumama ruwan da ke ƙasa, narkewa ta kama ta sama da ta ƙasa lokaci guda. Shi ya sa dusa ɗaya mai yawa a tsakiyar Afrilu take iya mayar da hannun agogo baya.

Ni lissafin da nake yi mai sauƙi ne. Kowace rana in haɗa zafi mafi yawa da mafi ƙanƙanta in raba biyu. Misali rana ta kai 12 a ma'aunin Salshiyos, dare ya sauka zuwa 2 ƙasa da sifili, tsakiya 5 ke nan, sai in rubuta 5. Ranar da tsakiyar ba ta haura sifili ba, ba a rubuta komai. Ana tarawa, sai a kwatanta da abin da ya taru a shekarun baya kafin tafkin ya buɗe. Ba ya ba da rana takamaimai, amma yana nuna ko shekarar gaba take ko baya. Abin da na fi sa wa ido shi ne dare. In dare ya daina daskarewa kwanaki a jere, ga ruwan sama mai ɗumi, ga iska, to abu ya zo kusa.

Sai hotunan tauraron ɗan Adam. NASA Worldview kyauta ne, hoto kowace rana, amma ɗigo ɗaya a hoton mita 250 ne a ƙasa, manyan tafkuna kaɗai za ka gane. Sentinel-2 na Turai ya fi fitowa tas, mita 10, sai dai kusan bayan kwana biyar yake dawowa, kuma in hadari ya rufe sama ranar, ka yi asarar zagayen.

Kawu na Duluth:
Duk wannan daidai ne, amma ka riƙe lambar masu ba da hayar kwale-kwale na can. Suna bakin ruwa, wasu har huda ƙanƙarar suke yi suna aunawa suna sanarwa. Abin da ido ke gani kuwa, da farko sai ruwa ya zagaye gaɓa, ƙanƙarar ta rabu da duwatsu. Sannan launi ya juya daga fari zuwa toka, daga toka zuwa baƙi-baƙi. A lokacin in ka ɗauko gutsure, sai ya wargaje a hannunka zuwa dogayen tsinke a tsaitsaye, Turawan can kyandir suke kiransu. Iska in ta kaɗa su kana jin ƙararsu siririya tun daga gaɓa. Da ta yi baƙi, yini ɗaya na iska mai ƙarfi ya isa ya share tafkin. Kuma kada kowa ya taka irin wannan ƙanƙara komai kaurinta, ba ta ɗaukar mutum.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: in an ce tafki ya buɗe, ka tambayi me ake nufi. Wani wuri sai ƙanƙara ta ƙare kakaf ake rubutawa, wani wuri da zarar jirgi zai iya wucewa daga wannan gefe zuwa wancan. Ragowar tana yawo, iska na iya juyawa da dare ta turo ta bakin zangonku ta rufe ku.

Ɗan Yauri:
Ni dai ina ganin ana tsorata bawan Allah da yawa. Ka je abinka Baban Amira. Farkon Mayu ba cunkoso, zangon da ka ga dama shi za ka sauka, ba sauro ba ƙuda. In ma ranar ta zo da ƙanƙara, ai sai ka soke ka nemi wata mashigar, a makon nan izini ba ya wuya kamar na Yuli. Mu da muka tashi a bakin kogi ruwa ba baƙonmu ba ne.

Anti Nas:
Ɗan Yauri, ƙanena, a nan kam ban yarda da kai ba, kuma ina roƙon Baban Amira ya karanta wannan da kyau. Iya iyo a kogin Kwara daban, faɗawa ruwan da ƙanƙara ta bari jiya daban. Ruwan nan bai fi digiri 4 ko 5 na Salshiyos ba ko da rana na haskawa kana jin daɗi da riga ɗaya. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba, wanda ya daɗe yana nazarin faɗawa ruwan sanyi, ya taƙaita abin da lamba uku, 1 da 10 da 1. Minti na farko numfashi ke ƙwace maka, kana haki ba da sonka ba, in kanka na cikin ruwa a lokacin ka shaƙa. Bayan nan kana da kamar minti goma da hannu da ƙafa za su yi maka biyayya, daga nan yatsu ba sa iya riƙe ko igiya. Sai kusan awa ɗaya kafin sanyi ya sumar da kai, wannan ma in kana sanye da rigar kariya da za ta riƙe ka a sama. Wanda bai sa ba, ba ya kaiwa awar. Kuma can ciki waya ba ta kamawa a yawancin wurare, taimako sai an jira.

Don haka rigar a jiki, a ɗaure, ba a ajiye ƙarƙashin kujera ba. Ku bi gaɓa ko da hanya ta yi tsawo, kada ku yanka tsakiyar tafki. Kwale-kwalen biyu su kasance kusa da juna. Kowa da busassun kaya cikin jakar da ruwa ba ya shiga, na ulu ko na roba, ban da auduga. In iska ta taso a zauna a zango. Alwala ma a ɗumama ruwa a kan risho, hannu da ya sandare ba ya riƙe filafili.

Ɗan Yauri:
Na karɓa Anti. Maganar soke izini a nemi wata mashiga dai tana nan.

Baban Amira:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tura wa abokan tafiyar duk abin da aka rubuta. Mun ajiye Saganaga sai wani lokaci cikin Agusta. Na Mayu kuma zan roƙi a matsar mini da hutun zuwa bayan 15 ga wata, mu nemi Little Indian Sioux. Kawu, in hutun bai matsu ba fa, mu haƙura ke nan?

Kawu na Duluth:
Ba sai kun haƙura ba. Ku karɓi izinin kogin, ku zana gajeriyar hanya ta ƙananan tafkuna, ku bar manyan. Daga 20 ga Afrilu ka fara duba hotuna kana kiran mutanen Ely. Ka tambaye su har da halin hanyar Echo, don laka da ragowar dusa kan hana mota isa mashiga ko ruwa ya buɗe. In saura kwana uku suka ce har yanzu toka-toka take, ku soke, ku kama ɗaki a gari ku yi yawon yini a kogin da ya buɗe. Ka turo mini hanyar da kuka zana ta akwatin saƙo in duba muku tafkunan ɗaya bayan ɗaya.