Bel ɗin kilt ya yi yawa da santimita 6: a yanke ko a huda?

Ɗan Mokoyo:
Assalamu alaikum dukawa. An kawo bel na kilt, zanen nan mai naɗe-naɗe na mazan Sikotlan. Fata ce mai kauri, faɗinta ya kusa santimita 6, kuma babu huji ko ɗaya a gaba. Mai shi ya ce ya yi masa yawa da santimita 6. Ta ina ake rage shi?

Baduku na Bagalam:
Wa alaikumus salam. Ajiye wuƙa tukuna, ƙanena. Juya bel ɗin ka duba ciki. Bakinsa ɗaya ya ratsa ƙarfe ya naɗo ta ciki, an kama shi da ɗan siririn maɗauri mai hujoji, ko da Velcro, ƙyallen nan mai mannewa da ake ɓantarewa. Nan ake gyara. Kan bel ɗin kuwa ƙugiya ce kawai gare shi, ba ya ƙara tsawo ba ya ragewa.

Ga inda ake tafka kuskure: fatar a ninke take, don haka in ka ja bakin ciki santimita 2, santimita 1 kaɗai ya ragu a zagaye. Kana son rage 6, sai bakin ya matsa 12. In hujojin maɗaurin ba su kai ba, kada ka yi ta jera sababbi kusa da juna, siriri ne, yagewa zai yi. Warware ɗinkin ƙaramin kan da ke ciki, wanda maɗaurin ke shiga, ka matsar da shi baya, ka sake ɗinkewa da basilla. Yanka sai in bakin ya yi tsawon da zai tokare a kwiɓi.

Mai Ɗinki Zariya:
Maigida ya gama magana, amma wa ya auna 6 ɗin? Kilt ba a ƙugu yake zama kamar wando ba, wajen cibiya yake, kuma ulu ne mai nauyi. In a kan wando mai bel ɗin ya gwada, awon banza ne. Ya sa kilt ɗin, a auna a kansa, a bar wurin da yatsu biyu za su shiga. Ba bel ke riƙe kilt ba, yana da nasa maɗaurai a gefe. In aka matse, naɗin baya ya tattare, kan bel ɗin ya karkace.

Baduku na Bagalam:
Haka ne. Sannan tsohon ninkin zai dawo ta ciki, ba za a gan shi ba, amma sabon wurin ninkin shi ne abin tsoro, balle da hunturun nan. Shafa ɗan man kaɗe ta bayan fatar, ya kwana, sannan ka lanƙwasa a hankali. In ka ninke ta a bushe, fuskar za ta tsage. In maɗaurin ciki ya mutu, kada ka maye shi da jar fatar akuyarmu: laushinta na jaka ne, miƙewa take yi. Nemi ta saniya.