"An ɗaiɗaita mu": wa ya taɓa jin wannan kalma a jikinsa?

Malamin makaranta, Sakkwato: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya wata tsohuwa da ke zama kusa da Masallacin Shehu ta ce mini, "Ɗana, an ɗaiɗaita mu." Na kwana da maganar. A rediyo "an raba su da muhallansu" muke ji kullum, amma ta tsohuwar ta fi nauyi. Tushenta ɗai-ɗai ne: mutanen da ake ɗora wa tukunya guda su koma ɗaya nan, ɗaya can. In wani ne ya yi, ya ɗaiɗaita su. In abin ya auku, gida ya ɗaiɗaice. Wanda ya taɓa shiga halin ya gaya mana ko haka take.

Ɗan Rabah: Wa alaikumus salam Malam, haka take wallahi. Sadda 'yan bindiga sunka faɗa ma Tabanni cikin Yulin 2018, mu na ƙauyen kusa ba mu jira namu ba, sai Gandi. Mu goma sha huɗu muke gida guda. Yau Inna tana Gandi, yayana shina acaɓa Legas, ƙanwata tana aikatau nan cikin birni. Bara na lallaɓa na duba gidan. Ɗakuna tsaye, rumbu tsaye, turmin Inna kife inda ta bar shi, ciyawa ta kai gwiwa. Gida bai faɗi ba, mu munka ɗaiɗaice.

Manomi daga Kware: Shi ya sa ban son a riƙa liƙa ta ga kowace hasara. Ambaliyar Satumban 2010, wadda ta yanke hanyar Jami'ar Ɗanfodiyo, ta narkar da katangunmu awa gishiri, ta ci gero har na cikin rumbu. Amma tare munka hau tudu, tare munka komo munka kwaɓa ƙasa. Tsohonmu, Allah shi gafarta mai, "ruwa ya tashe mu" yakan ce. Bai taɓa cewa ya ɗaiɗaita mu ba.

Ɗan Sabon Birni: Namu a 2019 sun tsallaka jihar Maraɗi, wasu har yau. Ɗaiɗaitawa ka farawa, tagayyara ta biyo baya.

Wata uwa, Gidan Igwai: Malam, ba sai da bindiga ko ruwa ba. Maigidana ya rasu, ina fita takaba anka sa gida kasuwa don rabon gado. Ɗiyana biyar, dangin uba sunka ɗauki uku, ɗaya Gwadabawa, biyu Wurno. Ni da ƙananan muna ɗakin haya. Da sallar bara na dafa shinkafa na zuba kwano biyar kamar yadda na saba, sai da autata ta ce, "Inna, na su wa ne ukun?"