Shawarwarin Masu Ɗaukar Hoto ga Matafiyi Zuwa Paris

A wata hira da masu ɗaukar hoto suka yi a Birnin Kebbi, wani matashi da zai tafi Faransa ya nemi shawara kan ziyartar gidan adana hotuna na Maison Européenne de la Photographie, wanda aka buɗe a Paris a 1996.

Mafi yawansu sun ce ya fara duba ranakun buɗewa da baje kolin da ake yi a lokacin, domin irin waɗannan gidaje sukan sauya hotunan da ke bango bayan 'yan watanni. Wani dattijo da ya daɗe yana ɗaukar bikin kamun kifi na Argungu ya ce, “Ɗana, ka tsaya gaban hoto ɗaya har ka gane inda haske ya shigo, kada ka zaga ɗakuna kamar mai cin kasuwa.” A ganina, wannan ce shawarar da ta fi nauyi.

An kuma gargaɗe shi ya kashe filashin kyamararsa, ya nemi izini kafin ya ɗauki komai, kamar yadda ya kamata baƙo ya yi a Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu.