Wace illa ce ke tattare da dogaro da shafukan sada zumunta wajen talla?

Mai Ƙaramar Sana'a:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina tallata hajata a Instagram da Facebook, kuma kusan duk cinikina ta nan yake zuwa. Ina shirin ƙara kuɗin da nake kashewa a talla, amma kafin nan ina so waɗanda suka riga ni su faɗa mini inda haɗarin yake.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Babban haɗarin shi ne, mabiyan da kika tara ba naki ba ne, domin kamfanin da ya mallaki dandalin shi ke yanke wa zai ga abin da kika wallafa. A watan Janairun 2018 Facebook ya sauya tsarinsa, ya fifita abin da dangi da abokai ke wallafawa a kan na shafukan kasuwanci, har ta kai masu sana'a da yawa sai sun biya kuɗi kafin saƙonsu ya isa ga mutanen da suka zaɓi bin su da kansu. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuwa, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan sa'o'i shida. Wanda ya fi wannan muni shi ne na Indiya, inda gwamnati ta haramta TikTok a watan Yunin 2020, waɗanda suka gina kasuwancinsu a kansa suka wayi gari ba su da hanyar isa ga masu saye. Zanen aro ai ba ya rufe katara.

Mai Lissafi:
Ni abin da ya fi damuna shi ne auna riba. Tun da Apple ya fara tambayar masu iPhone a 2021 ko sun yarda manhajoji su bibiye su, gane tallan da ya kawo ciniki ya ƙara wuya. Yawan masu yabawa kuma ba kuɗi ba ne, balle a ce kin biya wani mai tarin mabiya wanda yawancinsu na bogi ne.

Wadda Ta Taɓa Gani:
'Yar'uwa, kada ki manta da masu kutse. An taɓa aiko mini da saƙo kamar daga masu dandalin, na shigar da lambar sirrina, kafin yamma an ƙwace shafin, ana karɓar kuɗin mutane da sunana. Na dawo da shi bayan makonni, amma wasu masu saye har yau ba su sake amincewa da ni ba, kuma ƙorafin da suka rubuta yana nan kowa yana karantawa.

Mai Ƙaramar Sana'a:
Na gode ƙwarai. Malam Tsohon Hannu, idan na fara tattara lambobin wayar masu saye a wani wuri daban, shin dole ne in nemi izininsu a rubuce, ko amincewar baki ta wadatar?