Mai jefa ƙwallo a wasan besbol: ni dai na tsaya a kan "majefi"

1.
Jama'a, ga wani aiki. Ana gardama a kan waye gwanin gwanaye cikin masu jefa ƙwallo na besbol a Amurka a shekarun 1960, Sandy Koufax ne, ko Bob Gibson, ko Juan Marichal. Da aka zo rubuta gardamar da Hausa sai aka cije, don babu sunan da za a kira mutumin da ake gardamar a kansa. Bature ya ce masa pitcher. Mu fa?

2.
Bari mu fara ganin aikin mutumin kafin mu raɗa masa suna. Yana tsaye ne a kan wani ɗan tudu a tsakiyar fili. Tsakaninsa da mai gora, wato abokin gaban da ke jiran ya doki ƙwallon, ƙafa 60 ne da inci 6, wajen mita 18 da rabi. Zai jefo ƙwallon ya bi ta cikin wani ɗan sarari a gaban mai gora, tsakanin gwiwa da ƙirji. Mai gora ya kai duka ya kuskure, ko ya tsaya kallon jifa mai kyau ta wuce, an rubuta masa ɗaya. Sau uku, ya fita, an kore shi ke nan. Ƙwallon kuwa ba ya kai rabin daƙiƙa a hanya. Wani ya zo a miƙe da gudu, wani ya zo kamar zai bugi kafaɗa sai ya karye ya faɗo wajen gwiwa. Duk wasan daga hannun wannan mutumin yake tashi, sai ya saki ƙwallo sannan kowa ya motsa.

3.
Wani ƙanena ya ce, Yaya, a ara kawai, a ce "fica", kamar yadda aka yi wa gola da fenariti. Ba na ƙin aro. Amma wannan kalmar tana da rigima biyu. A kunnen mutumin Najeriya ita da kalmar hoto a Turanci kusan ɗaya suke. Sannan a Turancin ma kanta tana nufin tulu, shi ya sa na'urar fassara kan ba ka jimlar da ke cewa wane tulu ne na ƙungiya kaza. Gola ya shiga bakinmu ne don kullum ana buga ƙwallon ƙafa a bayan gida. Besbol bai da wannan gatan, saboda haka gara kalmar da mai karatu zai gane ko bai taɓa ganin wasan ba.

4.
An kawo "maharbi". Yana da daɗin faɗa, yana da kwarjini, kuma akwai saiti a ciki. Matsalarsa ita ce maharbi abin da ya nufa shi yake so ya samu, wannan kuwa idan ƙwallonsa ya bugi jikin mai gora, kyauta ya ba shi, mai gora zai taka zuwa tushen farko, wato zangon farko a hanyar cin maki, ba tare da ya doki komai ba. Ga shi kuma masu sharhin ƙwallon ƙafa sun riga sun kama "harbi" sun ba ƙafa.

"Mai wurgi" ma an ambata. Wurgi dai da abin da ba ka so ake yi. A'a.

"Ɗan jifa" ya bi sahun ɗan dambe da ɗan kokawa, amma ku faɗi jam'insa ku ji. 'Yan jifa sai ka ce yaran da suka tare motar ɗan siyasa.

5.
Saura biyu, "mai jifa" da "majefi". Na farko ba shi da laifi ko kaɗan, shi ne ma zai fara zuwa bakin kowa. Rauninsa sai ka sa shi aiki a doguwar jimla. Shi kuwa majefi a kan ƙirar maharbi, masaƙi, maƙeri da marubuci yake, ƙirar da Hausa ke yi wa wanda abu ya zama sana'arsa. Kowane ɗan wasa a filin besbol yana jifa, mai tsaron tushe na jifa, na can bayan fili na jifa. Duk masu jifa ne, amma majefi ɗaya ne a kowane lokaci. Wannan bambancin shi ya ja ni.

Mu gwada shi a kan mutanen da suka jawo maganar.

6.
Koufax bahagon majefi ne na ƙungiyar Dodgers. Shekarunsa na farko daga 1955 ƙarfi ne ba saiti. Da saitin ya zo, daga 1962 zuwa 1966 babu majefin da ya kai shi hana cin maki a rukuninsu, shekara biyar a jere. A 1965 ya kori masu gora 382. A watan Satumba na shekarar ya yi wa Chicago Cubs wasan da mutum 27 suka zo gabansa, 27 suka koma, babu wanda ya taka tushen farko. Da aka zo wasannin ƙarshe na World Series, inda ake fitar da zakaran shekara, ya ƙi fita a wasan farko saboda ya faɗo ranar Yom Kippur, babbar ranar ibada ta Yahudawa. A wasa na bakwai kuwa, da hutun kwana biyu kacal, ya hana Minnesota Twins cin ko maki ɗaya. Ya ajiye wasa a ƙarshen 1966 yana ɗan shekara 30, bayan ya ci wasa 27 a kakar, saboda amosanin da ya kama gwiwar hannunsa na hagu.

Ku mayar da "bahagon majefi" ya zama "mai jifa bahago", ku ji yadda jimlar ke ɗingishi.

7.
Gibson na Cardinals shi ne mai 1968. Akwai lissafin da ake auna majefi da shi, wato maki nawa ake ci a hannunsa a kowane turmi 9. (Na aro turmi daga dambe don zagayen wasan, in akwai mai abin da ya fi shi ya kawo.) Majefi mai kyau yakan tsaya wajen 3. Gibson a shekarar nan 1.12 ya tsaya. Wasa 13 ya yi daga farko har ƙarshe ba a ci shi ko ɗaya ba. Abin mamaki, duk da haka an doke shi sau 9, don nasa masu gorar ma ba su cin komai. A wasan farko na World Series ya kori 'yan Detroit Tigers 17.

Mutum ne da ba ya wasa da abokin gaba. Ka matso kusa da inda ƙwallo zai bi, sai ya aiko maka da shi dab da haƙarƙari don ka ja baya. A 1967 ƙwallon da wani mai gora, Roberto Clemente, ya doka ya karya masa ƙashin ƙafa, ya tashi ya ci gaba da jifa har sai da ƙafar ta ƙi. Ya dawo a kakar, ya ci wasa uku a World Series. In da akwai wanda "maharbi" zai dace da shi, to shi ne, amma ba a raɗa wa sana'a suna saboda halin mutum ɗaya.

8.
A nan dole a faɗi abin da masoyan mutanen nan biyu ba su cika son ji ba. Zamanin na majefa ne. Daga 1963 an faɗaɗa sararin da jifa ke bi a ce ta yi kyau, tudun kuma inci 15 ne tsayinsa. A 1968 ɗin nan Denny McLain ya ci wasa 31, Don Drysdale ya yi turmi 58 da ɗoriya a jere ba a ci shi ba. Hukumar wasan ta ga masu gora sun koma abin tausayi, sai a 1969 ta rage tudun zuwa inci 10, ta kuma matse sararin. Filin Dodgers da aka buɗe a 1962 shi ma ya yi suna wajen taimakon majefi, kuma shekarar ce tashen Koufax ya fara. Wannan bai rage musu gwaninta ba, amma alƙalumansu da taimakon zamani.

9.
Wani malami ya kawo gyara, kuma ya yi daidai: "majefa" na iya zama jam'i, yana iya zama wuri. Haka Hausa take. Maƙera mutane ne, maƙera kuma wurin ƙira ne, haka majema, haka masaƙa. A baki karin sauti ke raba su, a rubuce kuwa jimla ke rabawa. Don kada a sami ruɗu, mu bar majefa wa mutane, wurin kuma mu ce tudun jifa. Mace kuma majefiya.

Wata Hajiya kuma ta tuna mana cewa "an yi masa jifa" magana ce ta asiri. Gaskiya ne, Hajiya, amma alhazai ma suna zuwa jifa a Mina, kuma babu wanda ya taɓa rikita biyun.

10.
To waye gwanin? In kaka biyar za a ɗauka, Koufax. In wasa ɗaya ne na a-mutu-ko-a-yi-rai, Gibson zan miƙa wa ƙwallo, ko da yake Mickey Lolich, majefin Tigers, ya doke shi a wasa na bakwai na World Series a 1968. Amma wanda nake jin an danne shi ne Marichal, mutumin Jamhuriyar Dominikan da ya yi wa ƙungiyar Giants wasa, mai ɗaga ƙafar hagu har ta wuce kansa kafin ya saki ƙwallo. Babu majefin da ya kai shi yawan nasara a shekarun 1960. Ya ci 25 a 1963, lambar Cy Young ta gwanin majefa ta tafi wajen Koufax. Ya ci 25 a 1966, Koufax kuma. Ya ci 26 a 1968, Gibson ya ɗauke. Har ya bar wasa bai taɓa riƙe ta ba.

Ranar 2 ga Yuli 1963 ya kara da Warren Spahn na Milwaukee Braves, dattijo ɗan shekara 42, shi kuwa yana 25. Turmi 9 ake yi a ƙa'ida. Suka kai na 16 babu ci, babu wanda ya sauka daga tudu, kowanne ya yi jifa sama da 200, sai da Willie Mays, abokin wasan Marichal, ya doka ƙwallon Spahn ya tsallake shinge aka tashi 1 da 0.

11.
Kawu ya tambaya, to shi wanda ake shigowa da shi in na farko ya gaji fa? Majefin ceto, ko majefin canji, duka sun zauna. Wanda ya fara kuwa majefin farko. A wasan yau ba ka rabuwa da waɗannan kalmomin, don da wuya majefin farko ya wuce turmi 6 ko 7. A labarin mutanenmu uku kuwa ba za ka buƙace su sosai ba. Gibson ya fara wasa 34 a 1968, ya ƙarasa 28 da hannunsa. Marichal a shekarar ya ƙarasa 30, kuma a tsawon rayuwarsa ta wasa ya ci 243, ya ƙarasa 244.